Kuskuren da Jan Biro Ta Bari Ya Wuce

Jan Biro ake ce mata a maɗaba'ar, daga manaja har mai gadi, kuma laƙabin bai taɓa ɓata mata rai ba. Shekara ashirin da biyu ta yi a tebur ɗaya, kusa da tagar da ke kallon inda motoci ke sauke takarda, tana bin rubutun mutane layi-layi da 'yar rula. Aikinta shi ne gyaran kurakurai kafin littafi ya shiga inji. Ita ke gano cewa mutumin da aka ce gurgu ne a babi na biyu ya tsallake katanga a babi na tara. Ba ta da yawan magana. In ta yi shiru tana kallon takarda ta saman gilashinta, mai tsara shafuka yakan fara zufa tun bai san laifinsa ba.

Yawancin abin da maɗaba'ar ke fitarwa tsofaffin littattafan binciken kisan kai ne, waɗanda marubutansu suka daɗe da rasuwa, ana sake buga su da bango mai kauri don masu jerawa a kabad. Kowanne ta karanta shi aƙalla sau uku. Ta san wa ya kashe wa, da me, kuma a wane shafi aka gano shi.

A gida kuwa, abin da ta fi ji da shi a duniya ƙanwarta ce, Auta. Mahaifiyarsu ta rasu Jan Biro tana da shekara goma sha tara, Auta tana da huɗu. Ita ta goya ta, ita ta koya mata karatu da shafukan da inji ya ɓata. Mijin Jan Biro, direban bas ne mai yawan barkwanci, yakan ce shi da ya yi aure, mata ya samu da 'ya a rana ɗaya. Auta ta girma, ta yi aure ta haifi ɗa, ta zama ma'aikaciyar ɗakin gwajin jini a asibiti, amma hankalinta na sama. Shekara shida ta yi tana rubuta littafi a lokacin hutun rana da ranakun da ba ta da aiki. Labarin wata mata ce mai gyaran bututun iska a cikin kumbon da ke tafiya tsakanin taurari, wadda ta kamu da son wani mutum da ba ta taɓa gani ba, muryarsa kawai ke iso mata daga wani kumbon, kuma kowane saƙo sai ya yi wata bakwai a hanya.

"Yaya, ki duba min," Auta ta ce ranar da ta kawo shi a cikin jakar leda. "Amma don Allah kar ki yi masa jina-jina."

Ta yi masa jina-jinan, sau uku. A karo na uku, da ta zo babin ƙarshe, sai da ta cire gilashi ta share ido. Manaja ya ce su ba sa buga soyayyar sararin samaniya, don haka wani ƙaramin kamfani ne ya fitar da shi.

Akwai wani shafi a intanet inda masu karatu ke faɗin ra'ayinsu kan littattafai suna ba da taurari, daga ɗaya zuwa biyar. Mai faɗa-a-ji a wurin wani tsohon malamin makaranta ne da ake ce wa Alƙali. Dubban mutane ke bin sa. In ya yabi littafi a saye, in ya kushe a guje shi. Shi tsofaffin littattafan bincike kawai ya ɗauka littafi. Sauran duk ɓarnar takarda ne a wajensa. Sati biyu da fitowar littafin Auta ya ba shi tauraro ɗaya. Ya rubuta cewa marubuciyar ta kwaso hirar saurayi da budurwa a ƙofar gida ta ɗora a kan kumbo, ta sa musu kwalkwali. Ya ce kowa ya san ƙarshen irin wannan shirme: yarinya ta auri kyaftin, a tafa. Ya rufe da ba ta shawara ta koma abin da ta iya, in akwai shi.

Mabiyansa suka yi caa. Wanda bai ga ko bangon littafin ba ma ya zo ya ajiye tauraronsa ɗaya ya ƙara da dariya.

Jan Biro ta buga sharhin a takarda, ta bi shi da rula kamar yadda take bin komai. Babu auren kyaftin a littafin Auta. Kyaftin ɗin ma ta mutu tun a babi na takwas, kuma mace ce. Mutumin nan bai wuce shafi talatin ba. Ta shiga shafin ta rubuta hakan a ƙarƙashin sharhinsa, cikin ladabi, har da lambar shafi. Ya amsa da layi ɗaya: "Dangin marubuciya sun iso." Aka sake wata dariyar, sannan ya goge abin da ta rubuta.

Auta ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ta tattara littattafan rubutun da ta fara labari na biyu a ciki ta zuba a kwali ta ɗora a saman kabad. In yayarta ta tayar da zancen sai ta ce, "Yaya, a bar maganar nan." Aka bar ta a baki. Jan Biro kuwa ta riƙe ta a ciki shekara uku cur, kuma kullum ta ga kwalin nan ya ƙara ƙura sai ta ji abin ya dawo mata sabo.

Wata safiya manaja ya shigo ɗakinsu yana murna kamar an yi masa haihuwa. Za su sake buga wani tsohon littafin bincike da mutane ke nema, labarin wani attajiri da aka tsinci gawarsa a ɗakin da ya tara agoguna, ƙofa a kulle ta ciki. Kuma ya samu wanda zai rubuta dogon sharhi a ƙarshen littafin, a sa sunansa a bango da ruwan zinare.

"Alƙali da kansa!" in ji manaja. "Mabiyansa kaɗai sun isa su kwashe bugun farko."

Jan Biro ta ce, "Madalla," ta ci gaba da aikinta.

Bayan wata guda sharhin ya iso teburinta, shafi goma sha ɗaya. Ta fara karantawa da niyyar tsinto masa kowane ɗigo da ya kauce. A shafi na huɗu ta tsaya. Alƙali yana ta kwarzanta marubucin saboda hikimar da ya yi na mayar da likitan gidan mai kisan, hannun da aka saba da shi wajen warkarwa shi ne ya kashe. A kan wannan ya gina sauran shafuka bakwai.

Ba likita ne ya yi kisan ba. An kama shi a babi na goma sha tara, gaskiya ne, amma a babi biyu na ƙarshe aka gano cewa mai gyaran agogon da ke zuwa gidan duk sati ne. Jan Biro ta ma san inda matsalar ta fito. Shekaru da yawa baya an taɓa yin wani bugun sata mai arha da ya yaɗu a makarantu, wanda ya tsaya a kama likita. Wannan bugun ne Alƙali ya karanta yana saurayi. Cikakken kwafin da manaja ya aika masa kuwa, ko buɗe shi bai yi ba.

Ta san abin da ya kamata. Ta yi wa marubuta fiye da ɗari: a rubuta lambar shafi, a haɗa da babin, a ce a taimaka a sake dubawa. Da ta yi haka, da ya gyara a yini ɗaya, ba mai ji ba mai gani. Ta daɗe tana kallon masu sauke takarda ta taga. Sannan ta ɗauki biron ta rubuta a gefen shafi na huɗu, da manyan baƙaƙe: "Malam, anya ka karanta littafin nan har ƙarshe?" Ba lambar shafi, ba ƙarin bayani. Ta san irin mutumin da take rubuta wa.

Kwana uku amsa ta dawo ta hannun manaja, a rubuce, da sa hannu. "A gaya wa mai gyaran waƙafi ta tsaya a waƙafinta. Na karanta littafin nan tun kafin ta san baƙi. Kada a taɓa min harafi ɗaya." Manaja, wanda rabonsa da karanta littafin da ya buga har ya manta, ya ce, "Kin ji dai. Ki rabu da shi, manyan nan sai a hankali."

"To, ranka ya daɗe," ta ce. Ta yi hoton takardar amsarsa kwafi biyu. Ta gyara masa waƙafi goma sha huɗu, tsaf, ta sa hannu, littafi ya shiga inji.

Da yamma ta ba mijinta labari yana wanke hannu a tsakar gida. Ya tsaya da sabulu a hannu yana kallon ta.

"Ke! Wannan ai rami kika haƙa."

"Tambaya na yi masa. Ya amsa."

"Allah ya raba ni da tambayarki," ya ce, yana dariya har da tari.

Littafin ya fito da kyau, bango kore mai duhu, sunan Alƙali yana walƙiya. Mai karatu zai gama babin ƙarshe, ya ga an tafi da mai gyaran agogo da ankwa, ya juya shafi ɗaya tak, ya tarar da Alƙali yana bayanin dalilin da ya sa likita ya yi kisan. Kwana biyar aka yi shiru. A na shida wata mata ta rubuta a shafin masu karatu: "Jama'a, ni ce ban gane ba, ko kuwa?" Kafin rana ta faɗi wurin ya kama da wuta. Wani ya ce littafi tauraro biyar, sharhi a kai shi asibiti wajen likitan. Wani ya tono tsofaffin sharhunan Alƙali yana gwada su da littattafan ɗaya bayan ɗaya, ya samu bakwai da bai kai ƙarshensu ba. Waɗanda suka fi yi masa tafi a da su suka fi yayyaga shi. Jan Biro takan zauna a lokacin hutun rana ta karanta ra'ayoyin nan ɗaya-ɗaya, ba ta tsallake ko guda, har shayinta ya huce.

Manaja ya kira ta ofis yana huci. Ta ajiye masa hoton takardar a tebur. Ya karanta, ya sake karantawa, ya dafe kai.

Alƙali ya zo da kansa bayan sati. Ta zaci za ta ga ƙato. Sai ga ɗan tsamurmurin dattijo da jaka a hammata, wuyan rigarsa ya sha guga har ya fara cinyewa. Ya tsaya a gaban teburinta.

"Ke ce? Kin gani, kika yi shiru."

"Ban yi shiru ba, Malam. Ka ce in tsaya a waƙafi, na tsaya."

"Me na yi miki?"

Ta gaya masa sunan littafin Auta. Ta gaya masa shekara shidan, da kyaftin ɗin da ta mutu a babi na takwas. Ya yamutsa goshi yana ƙoƙarin tunawa da gaske, sannan ya girgiza kai.

"Wanne ke nan? Suna da yawa."

Da yana da niyyar ya ƙona mata rai, da bai samu abin da ya fi wannan ba. Ɗan tausayin da ta fara ji ganin wuyan rigarsa ya tafi nan take. Ta mayar da gilashinta ta ɗora rula a kan layin da ta tsaya.

"Ƙofa na bayanka, Malam. A kula da matakala."

Bai sake rubutu a shafin ba. A bugu na biyu aka cire sharhinsa, aka kankare sunansa daga bango, kuma ita aka ba aikin sake lissafin shafukan.

Auta ta ji labarin ne a bakin mijin yayarta, wanda ya ƙara masa gishiri son ransa. Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Yaya, ni fa so na yi ya karanta, ba a wulaƙanta shi ba." Jan Biro ta ce ita ma ta so hakan, shekara uku da suka wuce. Suka yi kusan wata ba sa doguwar hira, daga baya suka shirya a kan wani abu dabam, rashin lafiyar ɗan Auta, ba tare da ɗayarsu ta janye maganarta ba.

Manaja bai kore ta ba, amma daga ranar ya sa a riƙa kawo masa duk tambayar da za ta aika wa marubuci ya gani tukuna. Ta yi shekara huɗu a haka, har idonta ya fara gajiya ta ajiye aiki. Ranar sallama, ma'aikata sun taru a ɗakin inji, sabuwar mai gyaran da za ta gaje ta ta matso ta tambaye ta a hankali ko ta taɓa yin nadamar abin nan da ake ta faɗa.

Jan Biro ta yi tunani sosai, don ba ta son amsar da ba daidai ba.

"Na yi," ta ce. "Kwafi dubu biyu kawai muka buga. Na so a ce dubu biyar ne."