Ƙafar da Aka Binne a Meiganga

A tashar jirgin ƙasa ta Ngaoundéré, wani tsoho mai ƙafa ɗaya yana dogare da sanda, yana sauraron wani fasto da ke wa'azin tashin matattu. Hannayensa duk kanta. Ina jin tsohon maƙeri ne.

Ya ɗaga hannu. "Fasto, ƙafata tana binne a Meiganga. Ranar tashi, ita za ta zo, ko ni zan bi ta?"

"Haba Baba, sabon jiki za a ba ka, garau!"

Mutane suna dariya. Shi kuwa yana shafa dungun, fuska a yamutse.

"To marigayiya Marta fa? A haka ta aure ni. Da ƙafa biyu, yaya za ta gane ni?"

Fasto yana ta juya shafukan Littafi Mai Tsarki.