Yayata da Shafin 'Yan Sikawut

Yayata tela ce. Idanunta sun tafi a hankali bayan ta haifi Auta, amma ba ta rufe shago ba. Yanka kawai ta bar mini. Ita ke zama kan keke, tana bin bakin yadi da yatsa, layin ɗinkinta ya fi nawa miƙewa. Zare ma da harshe take lalubo kafar allura ta zura shi. Har yau in na gani sai jikina ya yi sanyi.

Da Auta ta shiga ƙungiyar 'yan sikawut, Yaya ce ke ɗinka mata bajo a hannun riga. Sai wata rana malamarsu ta zo shago ta ce an daina aiko da takarda gida. Kowane yaro yana da shafinsa a intanet, a nan iyaye za su ga halartarsa da bajojinsa, a nan kuma za su ba da izinin tafiya sansani.

"Hajiya, ko ƙanwarki za mu sa a madadinki?"

"Malama, ita ta haife ta?" in ji Yaya tana dariya. "Sa lambata."

Akwai muryar da ke karanta wa makafi abin da ke fuskar waya. Yaya ta sa aka kunna mata ita. Farkon abin wahala ce zalla. Za a turo lambar shiga ta saƙo, kafin ta saurara ta koma ta danna, lokacin ya wuce. Muryar kuma tana tauna sunan Auta kamar ta samu ƙashi.

"Wannan baiwar Allah ba ta je suna ba," in ji Yaya.

Na miƙa hannu in taimaka, ta buge shi. Tsakanin ɗinki da ɗinki take gwadawa, wayar a kunne, leɓenta na motsi, har ranar da ta shiga ita kaɗai ta danna izinin da kanta.

Auta na sansani, muna cikin haɗa kayan wata amarya, Yaya ta tsayar da keke ta buɗe shafin. Akwai sabon bayani daga malama. Muryar ta karanta cewa ruwa ya kama su a kan dutse, gilashin wata yarinya ya faɗi ya fashe, ba ta ganin gabanta, ta zauna tana kuka. Auta ta ɗora hannun yarinyar a gwiwar hannunta, ta sauko da ita tana faɗa mata kowane taku: nan gangare, nan santsi, ɗaga ƙafa. Ba wanda ya koya mata wannan a ƙungiya, in ji malamar.

Ni dai na san inda ta koya. Tun tana tatata take kai uwarta kasuwa.

Yaya ta sa muryar ta maimaita. Ba ta yi kuka ba, sai ni. Ta ajiye wayar a cinyarta.

"Ashe tana lura," ta ce a hankali.

Daga nan ta tambaye ni ko da sauran wurin ɗinka bajo a hannun rigar Auta. Na ce babu, ya cika. Ta ce in ciro mata yadin sabuwar riga, ta faɗi tsawon da zan yanka, don Auta ta ƙara tsayi tun bara.