Man Gwangwanin da Ya Cinye Mini Haƙora

Assalamu alaikum. Sunana Hajiya Gambo, daga Nasarawan Doya. Tun zamanin Turawa nake riƙe da maganar nan, ko 'ya'yana ban taɓa gaya wa ba. Yau na sa a rubuta mini ita a waya, saboda na ga ana ta tallan man goge tamoji.

Lokacin ina goyon 'yata ta uku, Talatu. Haihuwa a kai a kai da wankan jego sun tsotse ni, fuskata ta tattare tun ban kai ko'ina ba. A wani gidan suna wata baƙuwa ta durƙusa ta gaishe ni, ta zaci ni ce uwar mijina.

Sai dillaliya ta shigo gidanmu da wani farin mai a ɗan gwangwani. Ta ce, "Na kanti ne, matan Turawa shi suke shafawa. Goshinki zai koma kamar na amarya."

Na shafa safe da yamma. Goshin kuwa ya yi sumul.

Kafin kaka, dasashina ya fara jini. Yawu ya riƙa zuba. Hannuna na rawa, ko ludayi ba na iya riƙewa. Ƙafafuna suka kumbura, fitsarina na kumfa kamar an zuba sabulu.

Talatu ma ta canza. Kuka ba dare ba rana, tafin hannunta ya yi ja yana saɓulewa. Aka ce iska ce, aka yi ta turare. Ranar wata Laraba ta rasu a bayana, ban sani ba sai da Inna, uwar mijina, ta ce, "Gambo, kwanto ta."

Mijina, Malam, ya sayar da jakinsa, muka hau babbar mota daga Makarfi zuwa asibiti a Zariya.

Likita Bature ne. Ya sa aka dafa fitsarina a kwalba, ya daskare kamar farin ƙwai. Ya buɗe bakina ya daɗe yana dubawa. Tafinta ya ce, "Yana tambaya, me kike shafawa?"

Na kwance gwangwanin daga bakin zani. Likita ya karɓa, bai dawo mini da shi ba. Daga baya tafinta ya ce, "Akwai zaiba a ciki, ruwan ƙarfen nan mai guba. Ta fata ta shiga, ta taɓa ƙoda." Ya kuma tambaya ko ina shayarwa.

Na ce, "Da ina yi, amma ta rasu."

Tafinta ya ce gubar tana bin nono har jikin jariri.

Na yi watanni a kwance. Allura kullum, abinci ba gishiri, ana auna fitsari kowace safiya. Matar gadon kusa da ni ta rasu ina kallo. Malam a gindin bishiya yake kwana. Kumburin ya sauka a hankali, haƙorana na gaba suka zube, rawar hannu kuma har yau tana nan.

Na gode wa Allah da ya tashe ni. Allah Ya jiƙan Malam da Inna, da ma'aikatan da suka yi jinyata.

'Ya'yana mata, duk man da ba ku san abin da ke cikinsa ba, kada ya taɓa jikinku, balle mai ciki ko mai goyo. In kun ga kumburi ko fitsari mai kumfa, ku tafi asibiti, ku tafi da man a hannu.

Tsufa ba ciwo ba ne. Talatu ce ba ta samu ta yi shi ba.