Kwanon Bayan Randa

Tun kafin azumi ban rubuta komai a shafin nan ba. Wasu sun zaci na mutu, wasu sun zaci an biya mu fansho ne na yi shiru. Ko ɗaya bai faru ba.

Jinya na yi. Autata Bilkisu ce ta kwanta.

Waɗanda suka san gidana a Roni sun san mu biyu muka rage. Yayyenta mata sun yi aure, mahaifiyarsu Hajara kuma ta rasu bara waccan. Na koyar da kimiyya har na yi ritaya, abin da na tsira da shi allo ne da ya cinye mini ido da takardun da ba mai tambayarsu.

Da fari gajiya ce. Yarinyar da ke ɗauko ruwa tana waƙa ta koma hutawa a hanya. Sai haki, sai jiri. Ta kama tauna ƙanƙara kamar gyaɗa. Na ce zafi ne.

Azumi ya kama, ba ta sha ko ɗaya ba. Tare muke sahur, tare muke buɗa baki. Har na yi alfahari da ita a masallaci.

Wata la'asar tana dama kunu ta yanke jiki ta faɗi.

A bayan babur muka kai ta asibiti a Kazaure, ina riƙe da ita kamar kayan wanki. Kati, layi, gwajin jini, jira. Likita ya ja fatar idonta ƙasa, na ga wurin fari fat. Ya ce in ɗan fita, ya bar ta da nas.

Da nas ɗin ta fito ta ce, "Baba, ina mamarta?"

Na ce ta rasu.

Sai ta ce, "Ta fara al'ada tun watannin baya. Jinin yana zuba da yawa, yana daɗewa. Kuma a haka take azumi. Jininta ya yi ƙasa sosai, sai an ƙara mata yau."

Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Na ce a ɗebi nawa, aka ce hawan jini da shekaru sun hana. Na buga wa mutanen da na koya wa riƙe alƙalami, masu manyan ofisoshi yanzu. Wayar wani tana ta ringi har yau. Kawunta Sale, ƙanen Hajara, shi ya baro kasuwar hatsi a Babura ya zo ya miƙa hannu. Leda biyu aka ƙara mata. Geron da na ajiye na damina ya tafi a kuɗin gado da magani, ban kuma yi baƙin cikinsa ba.

Da ta farfaɗo na zauna gefen gadon. Harshena ya yi nauyi, ni da na zana wannan darasi a allo ga 'ya'yan wasu ba adadi.

"Auta, ba a koya muku a Islamiyya cewa mai al'ada ba ta azumi ba?"

Ta juya fuska bango. "An koya, Baba."

"To me ya sa?"

"A ina zan ci? Tukunya ɗaya ce, kuma kullum kana gida."

Ƙanwata Tabawa, wadda ta zo daga Gwiwa don kwana da ita, ta ja ni waje.

"Yaya, kai dai namiji ne kawai. Ka san randar da ke lungun madafi?"

Na ce na sani, ni na saye ta.

"To a bayanta Hajara take ajiye wa 'yan matanka kwano da rana. Su tashi sahur tare da kai don kada ka gane, in ka tafi masallaci su je su ci. Haka Inna ta yi mana a gidanmu. Ba a faɗa, ba a tambaya. Kwanon ne maganar."

Na rayu da matar nan tsawon ƙuruciyata da tsufana, ban san da wannan kwano ba. Na tsaya a barandar asibiti ina tuna yadda take kora ni masallaci tun kafin a kira azahar, tana cewa, "Malam, tafi ka samu sahun gaba." Ina ma ta sake korata sau ɗaya.

An sallame mu bayan Sallah da ƙwayar ƙarin jini da maganin rage zubar. Likita ya ce, "Zogale, wake, alayyahu, hanta in an samu. Ku dawo a sake gwaji." Mun koma, jinin ya hau. Yanzu tana ɗauko ruwa, waƙar ma ta fara dawowa.

Na gode wa Allah. Na gode wa Sale da Tabawa, da nas ɗin da ta tambayi abin da ban iya tambaya ba. Waɗanda ba su ɗaga waya ba, na gode, kun rage mini yawan gaisuwa.

Iyaye maza, musamman wanda matarsa ta rasu ko suka rabu: ku duba idon 'ya'yanku mata da tafin hannunsu. In ya yi fari, ga haki, ga cin ƙanƙara ko ƙasa, ku je a gwada jini. Al'adar da ta daɗe ko ta yi yawa ciwo ce, tana da magani. In ba za ka iya maganar ba, nemo gwaggo ko inna tun kafin yarinya ta yanke jiki ta faɗi. Ka sayi audugar mata ka ajiye inda za a gani.

Ni har yanzu ban iya maganar sosai ba. Amma makon jiya na lura ba ta shimfiɗa dardumarta ba. Na sayo hanta, na gasa, na rufe a kwanon Hajara mai murfi, na tura bayan randa duk da ba azumi ake ba. Na tafi masallaci da wuri.

Da na dawo na tarar da kwanon a wanke, a kife.

Daga ɗaki ta ce, "Baba, gishirin ya yi yawa."