Tsohuwar da ta sa wa ƙanwata Ajuji

Jiya a lakwal, wato makarantar boko, wani yaro ya kira ƙanwata "Bola", na fasa masa leɓe. Duk laifin marigayiya kakarmu ne.

Da aka haifi yarinyar, bayan jarirai biyu sun rasu mana, Baba ya zaɓo suna mai daɗi irin na Larabawa. Sai ga tsohuwa daga Lugu a kan amalanke, tana warin daddawa da garin taba, har jakin ma yana kau da kai. Ta ce sunan tata uwar, Dije, za a raɗa, a riƙa kiranta Ajuji. Ta sungumi jaririyar ta ajiye a kan juji, wai don iskoki su zaci ba ma son ta, su ƙyale ta.

Baba ya ce, "Inna, wannan haramun ne!"

Ta tsartar da yawun taba kusa da takalminsa. "Kai ma nan na aje ka, marar kunya. Ga ka yau har da gemu."

Ajuji ta rayu, masifaffiya kamar wadda ta laƙaba mata sunan. Ban yafe ba tukuna, tsohuwa. Allah Ya sa ki a Aljanna, amma nesa da jarirai.