Kwanso Shida a Bindigar Ammu

Baban Ilham, wato Musbahu mijina, mutum ne da bai iya ƙarya ba. Ba yabonsa nake yi ba, abin har haushi yake ba ni. Daga Haɗeja ya zo umara yana saurayi, ya maƙale, ya yi dako a unguwar Bab Makka shekara huɗu yana wasan ɓuya da 'yan sanda, har wani mai shagon yadi, Abdulgaffar, wanda muke kira Ammu, wato baffa da Larabci, ya ɗauke shi direba ya yi masa iƙama, takardar izinin zama. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Ni ina kicin a gidansa da ke unguwar Ruwais ta bakin teku, shi yana mota, takardunmu da na 'ya'yanmu uku duk a hannun tsohon nan suke.

Ammu yana da ƙaramar bindiga libarba ta gado da lasisinta, irin ta da, wadda sai an ja ƙarfen bayanta da babban yatsa kafin kowane harbi. Tana da ganga mai juyawa a tsakiya, mai ramukan harsashi shida. In an harba, sai a buɗe 'yar ƙofa a gefe, a tura wani tsinken ƙarfe da ke ƙarƙashin bakin, kwanson harsashi ya faɗo ɗaya bayan ɗaya. Duk Juma'a Baban Ilham ke shafa mata mai, don iskar teku ba ta raga wa ƙarfe.

Sai tsufa ya fara taɓa kan Ammu. Wata rana da azahar 'yarsa Dalal ta shigo da niƙabi, bai gane ta ba, ya ɗana bindiga ya auna ta. Allah ne ya kiyaye, Baban Ilham ya shiga tsakani yana kiran sunanta. Kafin la'asar tsoho ya manta komai. Dalal ta ɓoye bindigar, tsohon ya yi kwana biyu bai sa komai a bakinsa ba, dole ta mayar masa. Harsasan kuwa suna cikin akwatin ƙarfe, makullin a wuyansa.

Juma'ar da ta biyo, mijin nan nawa ya ɗebo tsofaffin kwansaye shida daga gwangwanin da Ammu ke tara su, ya shafe su da gam mai kama ƙarfe, ya cusa a ramukan. Babu inda harsashi zai shiga kuma. Da ya gaya mini, na ce masa ya kashe mu. In tsohon ya gane an ha'ince shi, shi ke nan, iƙama ta tafi, sai Haɗeja da yaran da ko gaisuwa za su yi da Hausa sai sun yi tuntuɓe. Ya ce to a bar shi ya harbe 'yarsa? Duk da haka na kwana uku ban yi masa magana ba.

Bayan mako uku, ina kai shayi falo da la'asar, na tarar da bindigar a kan tebur, Baban Ilham a tsaye. Ranar kan Ammu garau yake, wanda ya fi komai ba ni tsoro. Ya ce kwanso ya ƙi fita, kuma yau sai ya ga dalili. Ya ja ƙarfen baya rabi, ya buɗe ƙofar, ya tura tsinken. Tsinken na tafiya sumul, bai lanƙwashe ba, amma kwanso ko motsi. Ya juya zuwa rami na gaba, haka. Ya ɗiga mai, ya jira, ya sake turawa. Na ajiye farantin shayin a gefen tebur.

Yana aiki yana magana kamar da kansa yake. Wai in ɗaya ya ƙi fita, kumbura ya yi. In biyu ne, datti ne a ramin. Amma shida? Sai ya zare sandar tsakiya, ya ciro gangar gaba ɗaya, ya ɗaga ta wajen taga. Ya kankare bakin rami da farce, wani farin ɓawo ya fito. Ya shinshina.

"Ya Musbah, wa ke taɓa ta bayan ni?"

A zuciyata ina cewa bawan Allah, yau ɗaya dai ka ce tsatsa ce.

"Ni ne, Ammu. Gam na sa."

Tsoho ya zuba masa ido, jijiyar wuyansa ta tashi, na ce a raina shi ke nan, mu fara ɗaure kaya. Can sai na ga fuskarsa ta saki, muryarsa ta yi ƙasa.

"Wa na auna?"

"Dalal."

Ya mayar da gangar, ya rufe 'yar ƙofar. Ya ciro makullin akwatin harsasai daga wuyansa ya damƙa wa Baban Ilham. Wallahi sai na ji tausayinsa ya kama ni har na manta da iƙama.

"Gobe zan manta, zan sake tambayarka," in ji shi. "Ka ce mini tsatsa ce."

Yau wata takwas. Kusan duk mako sai ya tambaya, mijina kuma ya sunkuyar da kai ya ce tsatsa ce, Ammu. Har yanzu bai iya faɗarta da kyau ba.