Da Sandar Baba Muka Auna Hanyar Dosso

Boukoki, biyar da rabi na asuba

Mun fito daga gidanmu na Yamai ni da Inna, za mu Dosso duba yayarta Hajiya Balki, wadda ta yi sati biyu a kwance tana kiran sunanta. Motar da muka shiga ta marigayi Baba ce, tsohuwar ƙirar Faransa da ke tashi da sauka da ƙarfin wani koren mai. In ta kwana a ajiye sai ka tarar ta durƙushe kamar raƙumi, don haka Inna ta shiga baya ba wahala duk da ciwon gwiwarta, riƙe da sandar Baba da ba ta rabuwa da ita.

Na tayar da injin, mota ta yi ta ɗagawa har ta wuce inda muka saba. Ƙanena Laminu, sarkin gwaninta, shi ya kai ta Zongo aka daidaita mata tsayi, wai bisa littafi. Abin da ake ja a saukar da ita daga ciki kuwa ya maƙale tun da daɗewa.

Talladjé, shida da kwata

Mun tsaya shan mai, Inna ta nemi sauka ta miƙe ƙafa. Ƙafar ta ƙi kai ƙasa. Da na tallafe ta ta dira, sai da ta yi ƙara.

"Mayar da ni gida, Habu," ta ce. "Ban iya hawan wannan abu. A ce wa Yaya ta yi haƙuri."

Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san Hajiya Balki ba ta da lokacin jira. Na zaunar da Inna a benci, na leƙa garajin Malam Hamani da ke tsallaken titi. Bazabarme ne, shi ke duba motar Baba shekara da shekaru.

"Fofo, ɗan Malam," ya ce. Ya dubi motar ya kama haɓa. "Wa ya miƙar da ita haka? Hau da ita kan rami. Ba a kwanciya ƙarƙashin wannan a ƙasa, in ta sauka babu sallama."

Na hau da ita, Inna ta tsallako tana dogara sandar. Ya shiga ramin, injin na aiki, ya sassauta wata ɗamarar ƙarfe a gindin motar, ya murɗa ta kaɗan, ya dakata. Aka ji ɗan huci, bayan motar ya fara sauka a hankali. Sannan ya leƙo.

"Hajiya, ara mini sandar nan."

Ya kafa ta a ƙasa jikin tayar baya. Ashe akwai zane biyu na wuƙa a jikin sandar, ban taɓa lura ba.

"Na sama shi ne na littafi," in ji shi. "Na ƙasa na Malam mijinki ne, yatsa uku tsakani. Tun da gwiwarki ta fara ciwo ya sa na rage. Na ce cikinta zai riƙa gogar ƙasa, ya ce ya goga. Ya hana ni faɗa miki, wai za ki ce ya ɓata mota saboda ke."

Inna ta karɓi sandarta. Ya ɗaure ɗamarar, na sauko da mota, ta taka ta shiga da kanta.

Hanyar Dosso

Bakwai da rabi muka wuce peyaj, shingen biyan kuɗin hanya. Wani jandarma ya karɓi takardu, ya zagaya motar yana murmushi.

"Har yanzu tana numfashi?"

"Ta fi ka lafiya, ɗana," in ji Inna. Ya yi dariya ya ɗaga mana hanya.

Kilomita ɗari da arba'in muka yi, sau biyu cikin motar ya gogi tudun rage gudu, Inna ko a jikinta.

Dosso, goma da minti ashirin

Ta sauka ba mai riƙe ta. Hajiya Balki ta gane muryarta tun daga zaure. Suka yini hannu cikin hannu, har marar lafiya ta ci dambu da kopto, kwaɗon zogale, cokali uku. Nan muka kwana.

Komawa

Washegari da azahar muka shigo Boukoki lafiya. Godiya ga Allah, da Malam Hamani. Laminu ya tare mu a ƙofa, ya durƙusa ya leƙa gindin motar.

"Kai, ta yi ƙasa da yawa. Bari in mayar a ɗaga ta."

Inna ta ɗora babban yatsanta a kan zanen ƙasa na sandar.

"Ka bar ta inda ubanka ya ajiye mini ita."